Maƙoƙo a ƙarƙashin madubi: littafin aikin bincikena a Gombe

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike ta fito yau, aiki ya sauka daga kan takarda zuwa kan benci a sashenmu na gwajin naman da ake cirowa a tiyata. Zan riƙa rubuta yadda abubuwa suke tafiya, saboda akwai 'yan'uwa a Bauchi da Yola da Maiduguri da ke shirin irin wannan aiki, kuma abin da ya fi ba mutum wahala ba a cika rubuta shi a kundin digiri ba.

Tambayar ita ce: idan an ciro ƙari daga tayirod, wannan halittar da ke kwance a gaban maƙogwaro, shin furotin ɗin da ke tsara rabuwar ƙwayoyin halitta za su taimaka mana mu raba mai lafiya da na daji? Mafi yawan abin da ake aiko mana maƙoƙo ne na gama-gari, galibi ba shi da wata illa sai girma da danne numfashi. Nau'in kansar tayirod da ake kira fafilari ma ba ta cika ɓuya ba, domin cibiyar ƙwayoyinta tana da kamanni nata: fara-fara, mai tsaga, suna hawa kan juna. Inda ake gumi shi ne ƙari mai tsarin folikula, wato ƙananan jakunkunan da ke cikin tayirod. Adinoma, wadda ba ta yaɗuwa, da kasinoma, wadda take bin jini ta tafi ƙashi da huhu, ƙwayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Allurar da ake zuƙo ƙwayoyi da ita ba ta iya raba su. Sai an cire ƙarin, an bi kwanson da ya kewaye shi kaf, an ga ko ya fasa kwanson ko ya kutsa jijiyar jini.

Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu tana bin matakai huɗu: G1, S, G2 da M. A ƙarshen G1 ake yanke hukunci, a ci gaba ko a dakata. Saiklin D1 tana haɗuwa da CDK4 ko CDK6, su kashe ƙarfin furotin Rb, shi kuma ya saki E2F, sai kwafar DNA ta kankama. Su p27 da p21 aikinsu hana waɗannan CDK ɗin motsi. Ita kuwa p53, idan DNA ta lalace, takan tayar da p21 a tsaya a gyara, in abin ya fi ƙarfin gyara ta umarci ƙwayar ta mutu. Ki-67 ba ta ba da umarni, alama ce kawai cewa ƙwayar tana cikin zagayen, ba hutawa take ba. Waɗannan huɗun zan rina, wato in sa wa yankan nama antibodi, sinadarin da ke kama furotin guda, ya bar launin ruwan ƙasa a inda furotin ɗin yake: saiklin D1, p27, p53 da Ki-67. Tim Hunt ya gano saiklin a 1982 a ƙwan wata halittar teku, kuma shi da Leland Hartwell da Paul Nurse suka karɓi kyautar Nobel ta 2001 a kan wannan fage. Abin da ya dame ni shi ne ko iliminsu zai iya amfanar matar da ta taso daga Dukku ko Kaltungo da wuyanta a kumbure.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na wuni a kan rajistar sashe ta shekara goma. Na fitar da lambar duk wani nama na tayirod. Mata sun rinjayi maza nesa ba kusa ba, kamar yadda aka sani a ko'ina.

Laraba, 22 ga Janairu

Sito. Nan ake ajiye bulo-bulon kakin da aka binne nama a ciki, cikin kwalaye, shekara kan shekara. Ni da Malam, babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu wanda ya fi kowa daɗewa a sashen, muka ɗaure hanci muka shiga. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta a kan komai. Kwalayen da ke jikin bangon yamma, inda rana ke duka da la'asar, kakinsu ya yi laushi a wani bazara ya sake daskarewa, wasu bulon sun manne da juna, lambar wasu ta goge. Kakin farafin yana narkewa ne a wajen digiri 56 zuwa 58, amma tun kafin nan yake sakin jiki, kuma ɗaki mai rufin kwano a Gombe cikin Afrilu ba wasa ba ne. A kwali biyu na ƙasa gara ta ci takardar, ta bar bulon a zube.

Cikin 131 da rajista ta nuna, mun samu 104 da lambarsu ke karantuwa ba tare da kokwanto ba. Wanda lambarsa ta yi shakku na bar shi. Ba zan ɗora sakamakon wata a kan sunan wata ba don in cika adadi.

Malam ya ce, "Likita, in kin gama ki taimaka a roƙa mana kanta ta ƙarfe, ko guda biyu ce." Na sa shi cikin abin da zan kai wa shugaban sashe.

Alhamis, 30 ga Janairu

Mun sake yanka dukkan bulon, an yi musu rinin yau da kullum, ni da Farfesan sashenmu muka zauna a madubin ƙara girma (maikiroskof) mai kai biyu muna sake duba su. Dole ne, domin sunaye sun canza tun lokacin da aka rubuta rahotannin farko. A 2016 wani ayarin masana ƙarƙashin Yuri Nikiforov suka cire wani nau'in ƙari daga jerin kansa: mai kwanso cikakke, mai tsarin folikula, mai cibiya irin ta fafilari, amma bai kutsa ko'ina ba. Yanzu NIFTP ake ce masa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe shi a rabe-rabenta na 2017. A bugun 2022 kuma aka shigo da rukunin kansa mai kama da asalinta amma mai zafin hali, wadda ake ganewa da mataccen nama a cikinta ko rabuwar ƙwayoyi biyar zuwa sama a cikin murabba'in milimita biyu.

Matsalar NIFTP a wajenmu ita ce ba a kiran ƙari da wannan suna sai an ga kwansonsa gaba ɗaya. Tsoffin naman nan kuwa, bulo biyu ko uku aka ɗauka daga ƙari mai girma, sauran an zubar tuntuni. Farfesa ya yanke cewa irin waɗannan mu ware su a rukuni na daban, kada mu tilasta musu suna. Na yarda da shi, ko da yake rukunan nawa za su ƙanƙance.

Wani abin da ya ja hankalina: kansar folikula ba ta yi ƙaranci a hannunmu ba kamar yadda littattafan Turai da Amurka suke nunawa, inda fafilari ke cinye kusan kashi 80 cikin 100. An daɗe da sanin cewa inda aidin ya yi ƙaranci a abinci, nau'in folikula yakan yi yawa. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, kuma an samu nasara sosai. Amma matar da ke da shekara hamsin yau ta yi ƙuruciyarta kafin dokar. Ga rogo da ba a jiƙa shi sosai ba, wanda ke barin sinadarin da ke hana tayirod ɗaukar aidin, ga gero da bincike a yammacin Sudan ya danganta da maƙoƙo inda aidin ya yi kaɗan. Gishirin ma in an baza shi a faranti a rana a kasuwa, aidin ɗinsa raguwa yake yi. Wannan ne ya sa tambayar adinoma da kasinoma ta fi zama tamu fiye da ta waɗanda suka rubuta littattafan.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kuɗi. Dala ta haura naira 1,500, kuma duk abin da nake buƙata daga waje yake zuwa. Wani dillali a Legas ya ba ni farashin antibodi huɗu masu kauri, waɗanda za mu tsarma da kanmu: MIB-1 don Ki-67, DO-7 don p53, SP4 don saiklin D1, SX53G8 don p27. Gaba ɗaya naira miliyan 1 da dubu 940, har da kuɗin kawowa cikin sanyi. Gilasai masu riƙe nama dubu 210. Reza ta injin yanka dubu 95. Kayan bayyana launi akwai ragowar wani saiti a sashe, irin mai amfani da abidin da bayotin, sinadarai biyu da ke kama juna, Farfesa ya ce in yi amfani da shi, wannan ya sauke mini nauyi babba.

Na biya dillalin kashi 70 cikin 100 na kuɗinsa daga adashen da na kwasa a Disamba da abin da Yaya ya ƙara mini. Sauran sai kaya sun iso.

Talata, 11 ga Fabrairu

Jira. Na tattara naman gwaji, wanda aka san yana ɗaukar launi, don a tabbatar antibodi na aiki: tonsil (ƙullutun da ke cikin maƙogwaro) don Ki-67 da p27, wata kansar hanji da aka san tana ɗaukar p53 da ƙarfi. Na tsara takardar shigar da sakamako a kwamfuta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kaya sun iso da yamma. An ce za su zo ta jirgi, sai ga shi daga Abuja mota aka sa su. Da na buɗe kular, ƙanƙarar roba ta narke sarai, amma cikin da sauran sanyi. Ana son antibodi ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwana ɗaya a ɗumi ba lalle ya kashe shi ba, sai dai ba wanda zai gaya mini awa nawa ya yi a bayan mota tsakanin Bauchi da Alkaleri. Na gaya wa dillalin ba zan cika masa kuɗi ba sai naman gwaji ya nuna suna aiki. Ya yi ƙorafi, daga baya ya amince.

Talata, 25 ga Fabrairu

Zagayen farko ya tafi a banza. Fomalin, ruwan da ake tsoma nama a ciki don kada ya ruɓe, yana ɗaure furotin da juna, ya rufe gurbin da antibodi zai kama, saboda haka sai an dafa yankan naman a ruwan sitiret mai pH 6 ko na EDTA mai pH 9 kafin gurbin ya buɗe. Muna amfani da tukunyar firesha irin ta girki. Da muka buɗe ta, fiye da rabin yankan sun bar gilashinsu suna yawo a saman ruwa. Naman tayirod ya fi kowane saurin yin haka, domin cike yake da koloyid, wannan ruwan mai kama da ƙaro da ke cikin folikula, wanda ke kumbura in ya sha zafi ya ɗaga naman.

Malam ya ɗauki wani gilashi ya ɗaga shi saitin taga, ya nuna mini ɗigon ruwa da ya maƙale tsakanin kaki da gilashi. Wuta ta ɗauke jiya ana cikin gasa su a oben, ba su bushe ba. Ya ce a sake yanka a kan maikiron uku, a tsayar da su a tsaye su tsane, su kwana a oben mai ɗumi kaɗan, da safe a ƙara musu awa ɗaya a digiri 60. Kuma in an sauke tukunya a bar ta ta huce da kanta, kada a sa ta ƙarƙashin famfo. Asarar yau: gilasai 24 da wuni guda.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Mun mayar da aikin rini zuwa sassafe, kafin zafi ya taso da kuma kafin ƙarfi ya ƙare. Shawarar Malam ta yi aiki, yanka ɗaya ne kawai ya ɗaga gefe. A tonsil Ki-67 ta fito yadda ake so: tsakiyar tarin limfosait, ƙwayoyin garkuwar jiki, ta yi ruwan ƙasa tsantsa, gefe ya zauna shuɗi. Alhamdu lillahi, antibodin yana da rai. Sauran ukun ma sun ci jarrabawa. Na tura wa dillali cikon kuɗinsa.

Talata, 11 ga Maris

Yau na ga abin da zai iya rushe aikin gaba ɗaya, kuma ba daga ɗakinmu ya taso ba.

A tayirod mai lafiya da maƙoƙo na gama-gari, ana sa ran yawancin cibiyoyin ƙwayoyi su ɗauki p27, domin ƙwayoyin hutawa suke. A kansa takan ragu, ko dai don furotin Skp2 ta sa an narkar da ita, ko don furotin AKT ta kore ta daga cibiya zuwa ruwan ƙwaya inda ba ta da amfani. Ke nan abin da nake nema shi ne rashin launi. To ga gilashin wani maƙoƙo babba, wanda ba wanda ke shakkar lafiyarsa. A bakin yankan, cibiyoyi sun yi ruwan ƙasa ras. Ina matsawa ciki launin yana dusashewa, kafin in kai milimita huɗu ko biyar ya ɓace ɗungum. Da tsakiyar kaɗai na kalla, da na rubuta cewa p27 ta ɓace, alamar kansa. Abin da ya tona asiri limfosait ne. Su in suna hutawa suna ɗaukar p27 da ƙarfi, amma a tsakiyar wannan yankan su ma fari fat. Furotin ɗin ba ciwo ne ya cinye shi ba, ruɓewa ya yi kafin fomalin ya iso gare shi.

Fomalin yana ratsa nama da kamar milimita ɗaya a awa, kuma yana ƙara nawa in ya yi zurfi. Maƙoƙo mai nauyin rabin kilo da aka jefa shi sukutum a roba, da ɗan fomalin da bai ma rufe shi ba, ya kwana biyu a zafin Gombe, kamar doya ce da aka sauke da wuri: baya ya nuna, ciki ɗanye. A rinin yau da kullum ba a cika damuwa ba, siffar ƙwayoyi takan jure. Furotin irin su p27 da Ki-67 ba sa jurewa.

Na koma na bi gilasai 30 na wannan zagaye ɗaya bayan ɗaya, ina duba limfosait da ƙwayoyin bangon jijiya kafin in kalli ƙarin kansa. Goma sha ɗaya suna da wannan matsala ko kaɗan ko da yawa. A wasu kuma akwai baƙin ɗigo-ɗigo a inda jini ya taru, wanda fomalin mai tsami ke haifarwa in ba a sa masa gishirin fosfet da zai riƙe shi a pH 7 ba. Ga wanda bai saba ba, zai ɗauka launin rini ne.

Ƙa'idar da muka kafa daga yau: duk yankin da limfosait ko bangon jijiya bai ɗauki launi ba, ba a ƙirga shi. In gilashi gaba ɗaya haka yake, ya fita daga binciken. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don adadina kaɗai ba. Kowane bulo a nan wuyan mutum ne da aka yanka, wata ta sayar da akuya ko buhun wake kafin ta hau gadon tiyata.

Jumma'a, 14 ga Maris

Na je tiyata na zauna da babbar sista. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta buɗe kabad ta nuna mini abin da suke da shi: ƙananan robobi masu ƙaramin baki, da jarka ɗaya ta fomalin da ake tsarmawa da ruwan famfo in ta kusa ƙarewa. Ta ce, "Likita, mu ma ba son ranmu ba ne. Wani lokacin dangin mara lafiya ake ba naman su kai muku, in Jumma'a ce da yamma sai su tafi da shi gida sai Litinin."

Muka yi yarjejeniya. Zan kawo bokitai masu murfi, mu kuma za mu riƙa haɗa fomalin a sashenmu, kashi ɗaya na mai kauri da kashi tara na ruwa tare da fosfet, mu aiko musu. Fomalin ya ninka naman sau goma. Duk ranar da za a cire tayirod a kira ni, in zo in shafa wa bayansa tawada, in tsaga shi yanka-yanka kaurin santimita ɗaya kafin ya shiga bokiti. Ba na son a tsaga shi a tiyata ba tare da mu ba, don kada a ɓata kwanson da shi ne hujjarmu. Bokiti shida da fosfet: naira dubu 38, daga aljihuna. Ban taɓa kashe kuɗin da na ji daɗinsa a wannan aiki kamar wannan ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, janareta kuma tiyata da ɗakin haihuwa ake ba fifiko, wanda daidai ne. Ma'aunin firijinmu ya kai digiri 14. Na kwashe antibodi a kula na kai gidan wata ƙawata a Tumfure mai firijin sola. Can za su zauna, kullum in ɗebo abin da za a yi aiki da shi. Ƙanƙarar sanyaya bulo kafin yanka kuma yanzu saye muke a wajen masu sayar da ruwan sanyi, kuma da azumi ta yi tsada.

Talata, 25 ga Maris

Saiklin D1. A kansar fafilari ta fito kamar yadda aka rubuta: cibiyoyi da yawa ruwan ƙasa, tayirod mai lafiya da ke gefe kuwa shiru, sai ɗaiɗaikun ƙwayoyin bangon jijiya. Akwai dalili. Yawancin kansar fafilari suna da sauyi a hanyar saƙon MAPK, mafi shahara BRAF V600E, kuma wannan hanyar ce ke kunna saiklin D1. A wani gilashi na ga ƙaramar kansa da ba ta kai santimita ba a ɓoye cikin maƙoƙo, launin ya zana iyakarta tsaf.

Sai dai ƙarin da ke da ƙwayoyin Hürthle, manya masu ruwan ƙwaya ja mai tsaki-tsaki, duk sun yi ruwan ƙasa a jikinsu, har da gilashin da ba a sa wa antibodi ba sam. Waɗannan ƙwayoyin cike suke da maitokondiriya, wadda ke samar wa ƙwaya makamashi, ita kuma tana da bayotin nata na halitta, dafawa a tukunya kuma tana ƙara fito da shi. Saitinmu bayotin yake bi, don haka ya kama na naman. Saitin folima ba ya wannan, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina yanzu.

Farfesa ya tuna mana wata tsohuwar dabara da aka wallafa tuntuni: farin ƙwai yana da abidin, madara tana da bayotin. A tsarma farin ƙwai a ruwa a tace, a shafe yankan da shi ya toshe bayotin na nama, a wanke, a bi da madarar gari marar kitse ta toshe abidin da ya rage. Malam ya kalle shi ya ce, "Ranka ya daɗe, da azumin nan?" Aka aiki yaro shago. Washegari gilashin da ba antibodi ya fito tas, na saiklin D1 kuma launi ya koma cibiya kaɗai. Kuɗin gyara bai kai naira dubu uku ba.

Alhamis, 27 ga Maris

An gama zagayen Ki-67 na rukunin farko. Mun rufe sai bayan Salla.

Alhamis, 3 ga Afrilu

p53. Furotin ɗin mai lafiya ba ya daɗewa a ƙwaya, MDM2 tana sa a narkar da shi cikin mintuna, shi ya sa a nama mai lafiya sai dai a ga cibiya nan da can da launi mai rauni. Haka na gani a maƙoƙo, a adinoma, har da kansar fafilari da folikula masu kama da asalinsu. Ba ta raba su ko kaɗan, kuma dama ba a sa ran ta raba, domin lalacewar TP53, ƙwayar gadon da ke samar da p53, a tayirod a ƙarshen tafiya take zuwa.

Sai gilashin kansar anafilastik, na wata dattijuwa. Kusan kowace cibiya ta yi duhu, Ki-67 ma ta mamaye fiye da rabin ƙwayoyin. A gefe ɗaya na yankan akwai ragowar folikula masu tsari, p53 ɗinsu shiru, Ki-67 ɗaiɗai. Tsohon ƙari da sabon bala'in da ya tsiro daga cikinsa, a gilashi guda, tsakaninsu bai fi milimita ba. Katinta ya nuna ta shekara da shekaru da kumburin wuya kafin ya fara girma da sauri ya shaƙe mata murya. Irin wannan kansar watanni take ba mutum. Na daɗe a kan gilashin nan. A garuruwanmu ana ɗaukar maƙoƙo abin zama da shi, a rufe da mayafi a ci gaba da harka, kuma gaskiya yawancinsa ba ya zama komai. Amma wanda ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko murya ta dishe, ranar nan ya kamata a nufi asibiti.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Naman farko da ya bi sabon tsarin bokiti ya iso madubi: ƙari guda a ɓarin dama, na mace mai shekara talatin da wani abu, an cire ɓarin kaɗai. Rinin ya fito daidai daga baki har tsakiya, limfosait duk sun amsa. Ƙarin folikula ne mai kwanso mai kauri. p27 ta ragu idan aka gwada da tayirod da ke kewaye. Saiklin D1 tana nan a wasu cibiyoyi. Ki-67 ƙasa da biyar cikin ɗari. Duk alamun sun karkata, ba wadda ta yanke.

Na ce wa Farfesa furotin ɗin suna nuna kasinoma. Ya ce, "Na ji. Nuna mini inda ya fasa." A bulo takwas na farko babu. Da yake naman yana hannunmu kuma ya kamu da kyau, muka koma muka saka kwanson gaba ɗaya, bulo 19. A na goma sha huɗu ga shi: dunƙulen ƙwayoyin ƙari a cikin jijiyar jini da ke jikin kwanso, manne da bango, ƙwayoyin bangon jijiya sun lulluɓe shi. Kasinoma ce.

Ga ita wannan baiwar Allah, bambancin yana da nauyi. Likitocin tiyata za su zauna da ita a kan cire sauran ɓarin, in an cire kuma maganin tayirokzin ne, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ke samarwa, har ƙarshen rai, wataƙila da tafiya Abuja ko Ibadan don aidin mai radiyeshon, wanda ke kashe ragowar ƙwayoyin tayirod. Da adinoma ce, sallama kawai za a yi mata. Hukunci irin wannan ba zan ɗora shi a kan raguwar launi ba. Abin da na fara gani shi ne, p27 da saiklin D1 za su iya gaya mana wane ƙari ne ya cancanci a bi kwansonsa kaf, a wurin da kowane ƙarin bulo kuɗi ne a kan mara lafiya. Ko wannan kaɗai aka tabbatar, ya isa a yi aikin dominsa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ƙirga. Cibiya 500 zuwa 1,000 a kowane gilashi, a inda launi ya fi yawa. Ina ɗaukar hoto da waya ta bakin madubi in ƙirga a kwamfuta, ido ya fi hutawa. Wani abokin aiki yana ƙirga nasa ba tare da ya san sunan ciwon ba. A Ki-67 muna haɗuwa, a p27 muna saɓawa kan cibiyoyi masu launi mai rauni. Mun zaɓi hotuna shida a matsayin ma'auni, mun manna a bango.

Litinin, 28 ga Afrilu

Inda aka kwana: cikin bulo 104, an rina 62, an fitar da 17 saboda ruɓewar ciki. Abin da na kashe ya kai naira miliyan 2 da dubu 410. Antibodi zai isa, amma ruwan bayyana launi saura kamar na gilashi 60, ni kuwa ina da bulo 42 sau huɗu.

Mafita ita ce a tara nama da yawa a bulo ɗaya. Za mu yi amfani da abin huda fata na milimita uku, mu ciro ɗan dunƙule biyu daga kowane bulo, mu jera su a sabon kaki tare da tonsil a kusurwa don gane gaba da baya. Za a ciro ne daga kusa da bakin nama, inda fomalin ya fara isa, bayan na yi wa wurin alama a gilashin rinin yau da kullum. Malam zai gwada da bulon da muka riga muka fitar, don a ga ko kakin zai haɗe ba tare da dunƙulen sun faɗo wajen yanka ba.

Farfesa ya amince in rubuta wa kwamitin ɗa'a neman ƙarin izini, don a shigar da sabbin naman da ke zuwa ta bokiti a matsayin rukuni na biyu, a rubuta awar da aka cire kowanne da awar da ya shiga fomalin. Sista ta ce a buga mata fom ɗin ta manna a jikin murfi. Asibitoci biyu na ƙananan hukumomi da ke aiko mana da nama su ma za a kai musu bokiti da jarkar fomalin a makon gobe, in motar sashe ta samu mai. Takardar neman kanta ta ƙarfe tana teburin shugaban sashe, kuma kafin ruwan sama ya sauka za mu matsar da kwalayen daga bangon yamma.